Mai mota yana barci da makulli a ɗaki, motar kuma ta yi gaba: fashin baƙi kan satar motoci masu gudu

Akwai wani bidiyo da 'yan sandan West Midlands a Ingila suka saki a ƙarshen 2017, duk mai son mota da ya kalle shi sai jikinsa ya yi sanyi. Cikin dare ne a Solihull, kusa da Birmingham, wata Mercedes na fake a ƙofar gida, sai ga mutum biyu sun iso, ɗaya ya nufi jikin gidan riƙe da wani ɗan akwati yana ɗaga shi yana kaɗawa kusa da bango, ɗayan yana tsaye jikin motar da nasa akwatin. Ba su fasa gilas ba, ba su ɓalle ƙofa ba, ba jiniya ba hayaniya, kawai motar ta buɗe da kanta kamar mai ita ne ya zo, aka shiga, aka tayar, aka yi gaba. Duk abin bai wuce kamar minti ɗaya ba. Mai motar yana ciki yana barci, makullinsa na nan inda ya ajiye shi, ko motsi bai yi ba.

Har yanzu mutane da yawa, har da masu kuɗin da ke sayen irin waɗannan motoci, suna ɗauka tsadar mota ita ce tsaronta, wai tunda komai na kwamfuta ne ai ɓarawo ba zai iya ba. Wallahi abin ba haka yake ba. Kwamfutar ce ma ƙofar da ake shigowa ta ciki yanzu. Kuma abin ya fi tsanani a kan motocin da aka ƙera don gudu, irin su Dodge Charger da Challenger samfurin Hellcat, Chevrolet Camaro ZL1, BMW M3 da M4, Audi RS3 da RS6, Golf R, Mercedes AMG, Jeep Trackhawk, da manyan Range Rover masu ƙaton inji. Cibiyar HLDI da ke tattara alƙaluman inshora a Amurka ta duba motocin 2020 zuwa 2022, ta gano cewa ana sace Charger Hellcat fiye da sau 60 a kan yadda ake sace mota ta gama-gari. Sau 60 fa. Da suka sake dubawa a kan motocin 2022 zuwa 2024 sai Camaro ZL1 ta karɓe kambun, ita kuma sau 39. A Amurka gaba ɗaya an sace motoci sama da miliyan ɗaya a 2023, a Ingila da Wales kuma a lokacin ana maganar kusan 130,000 a shekara, amma masu irin waɗannan motocin su ne kullum a bakin wuta.

To me ya sa su? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Motar gudu tana da masu nema ta fuska fiye da ɗaya, shi ya sa ɓarawo ba ya asara a kanta ko ta ina ya juya. In ya so ya sayar da ita ɗungurum a wata ƙasa. In ya ga da haɗari ya kai ta wani ɓoyayyen gareji a farfasa ta cikin dare ɗaya, domin injin Hellcat kaɗai, mai ƙarfin doki 707, lokacin da kamfanin ya fara sayar da shi daban a akwati a 2017 kuɗinsa ya kusa dala 20,000, ka ga kenan wanda ya ciro shi kyauta daga motar wani ko a rabin kuɗi ya sayar ya ci riba, ga giya, ga birki na musamman, ga kujeru, ga fitilu, ga ƙafafu, kowanne da kasuwarsa a intanet, kuma kayan gyara ba su da saurin tona asiri kamar mota sukutum. Sannan akwai masu satarta don su yi aiki da ita. A Holan da Jamus akwai gungun ɓarayi masu fasa na'urar cirar kuɗi ta banki da abin fashewa, har 'yan jarida suka laƙaba musu sunan 'yan Audi, saboda da Audi RS na sata suke zuwa, in suka hau babban titi motar 'yan sanda ba ta iya kamo su. A biranen Amurka kuma akwai samari masu tare mahaɗar titi cikin dare suna wasan jujjuya mota har taya ta ƙone ana ɗauka a waya, su ma motar sata ta fi musu daɗi tunda ba su za su sayi taya ba.

Abin ba sabo ba ne. A Ingila a farkon shekarun 1990 an yi irin wannan annoba a kan Ford Sierra RS Cosworth da ƙananan motoci masu zafi irin Golf GTI, yara suna sacewa da sukundireba suna tsere a unguwanni, har majalisa ta yi doka ta musamman a 1992, kuɗin inshora kuma ya yi tashin da ya sa mutane suka dinga gudun sayen su. Abin da ya kawo sauƙi shi ne ɗan guntun lantarki da aka fara sakawa cikin makulli, wanda in mota ba ta ji shi ba injin ba zai tashi ba ko ka haɗa waya da waya. Turai ta wajabta shi a sababbin motoci daga 1998, Kanada daga 2007, sata ta yi ƙasa sosai. Aka yi shekaru ana hutawa. Sai kamfanoni suka zo da makullin da ba sai ka ciro shi daga aljihu ba, ka matso mota ta buɗe, ka danna maɓalli ta tashi. Daɗi kam akwai daɗi, amma daga nan kiɗa ya canza.

Ga yadda abin yake aiki, don in ba ka gane wannan ba ba za ka gane maganin ba. Motar tana fitar da wata 'yar sigina mai rauni wadda ba ta wuce taku ɗaya ko biyu, kamar tana tambaya, makullina kana kusa? In makullin na kusa ya ji sai ya amsa, sai ta buɗe. Duk tsaron ya dogara ne a kan zaton cewa in makulli ya amsa to yana kusa. Waɗancan akwatuna biyu na bidiyon Solihull ba wani lambar sirri suke fasawa ba, aikinsu kawai ɗan aike: na jikin mota ya ɗauki tambayar ya miƙa wa na jikin bango, shi kuma ya ƙara mata ƙarfi ya cusa ta cikin gida, makullin da ke rataye bayan ƙofa ko kan teburin falo ya ji ya amsa tsakaninsa da Allah, amsar ta koma, mota ta ce maigida ya zo. Kuma in injin ya riga ya tashi ba ya mutuwa don makulli ya yi nisa, da gangan aka yi haka saboda kar mota ta mace wa mutum a tsakiyar titi in batirin makulli ya ƙare, to ɓarawo sai ya yi ta tafiya har inda zai haɗa sabon makulli. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gwada motoci 237 masu irin wannan makulli, sakamakon da aka yaɗa a farkon 2019 ya nuna 230 ana iya buɗe su a kuma tayar da su ta wannan hanya. Uku kacal suka tsira gaba ɗaya, su ma don suna amfani da wata sabuwar fasaha ce mai auna tsawon lokacin da sigina ta ɗauka kafin ta dawo, in ta daɗe ko da ƙiftawar ido ne mota ta san akwai ɗan aike a tsakani.

Da masu mota suka fara wayewa da wannan sai ɓarayi suka koma wata ƙofar. A ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket da ake kira OBD, nan ne mai gyara yake jona kwamfutarsa in fitilar inji ta kama. Ta wannan soket ɗin ake koya wa mota sabon makulli in naka ya ɓace, kuma na'urar da masu yankan makulli ke amfani da ita ana sayar da ita a kasuwa. Sai ɓarawo ya fasa ƙaramin gilas, ya zura jiki, ya jona na'ura, cikin 'yan mintuna ya haɗa wa kansa makulli da motar ta yarda da shi ɗari bisa ɗari. Da wannan aka dinga kwashe Hellcat a yankin Detroit na Amurka, ba a gidajen mutane kaɗai ba, har a wuraren dillalai da filayen da kamfani ke ajiye sababbi kafin a rarraba.

Wadda ta fi ba ni tsoro kuwa ita ce ta fitila. Wani masanin tsaron kwamfutar motoci a Landan ya fito sau biyu a 2022 ya tarar an ɓamɓare gefen bambar Toyota RAV4 ɗinsa an jawo wayoyin fitilar gaba, ya ɗauka 'yan ɓarna ne kawai, bayan ɗan lokaci motar ta ɓace. Shi da wani abokin aikinsa suka bi diddigi, a 2023 suka bayyana abin da suka gano. Duk ƙananan kwamfutocin cikin mota suna hira da juna ta wani layin waya da ake kira CAN, kuma fitilun zamani ma suna kan layin tunda su ma suna da tasu kwamfutar. An ƙirƙiro tsarin ne tun shekarun 1980, lokacin da ba wanda ya kawo cewa wani baƙo zai sa baki a hirar, don haka duk saƙon da ya shigo ana yarda da shi ba a tambayar daga wa ya fito. Ɓarawo ya jona na'urarsa a wayar fitila, ta aika saƙon ƙarya cewa an ga makulli, a saki inji, a buɗe ƙofa, shi kenan. Na'urar kuma an ɓoye ta cikin kwanson ƙaramar sifikar JBL, wasu ma cikin tsohuwar wayar Nokia, in ɗan sanda ya tare ka ya ga kamar abin jin kiɗa ne, ana sayar da ita dubban yuro da sunan kayan taimakon wanda makullinsa ya ɓace. A nan ko ka kulle makullinka cikin akwatin ƙarfe ka binne a ƙasa ba abin da zai hana, don ba ruwansu da makullin. Shi ya sa a 2025 gwamnatin Birtaniya ta kai ƙudurin doka da zai sa riƙe irin waɗannan na'urori kaɗai ya zama laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 5.

Sai hanya mafi muni, wadda ba fasaha a cikinta: a shigo gida a ɗauki makulli, ko a tare ka a ƙwace. Wannan ne ɓangaren da masu Golf R da Audi RS a Ingila suka fi kuka da shi, a karya makullin ƙofar gida da ƙarfe uku na dare, mutum ya farka ya ga ƙarti da fuska a rufe a kansa, ba talabijin suke so ba, ba kuɗi ba, ina makullin mota. A birnin Toronto na Kanada abin ya yi ƙamari har a farkon 2024 wani ɗan sanda ya shawarci mutane a wani taron unguwa da su dinga barin makullin kusa da ƙofar shiga, don in an shigo a ɗauka a fita ba tare da an hau sama wurin iyali ba. Duniya ta yi masa ca, ana cewa ya sallama wa ɓarayi. Ni na fahimci fushin mutane, amma na fahimci mutumin ma, domin yana magana ne a matsayin wanda ya san cewa masu shigowar da bindiga suke zuwa. Kuma akwai wata gaskiya mai ɗaci a nan da masu sayar da kayan tsaro ba sa son faɗa: duk lokacin da aka toshe hanyar lantarki, wasu ɓarayin ba haƙura suke yi ba, kan mai motar suke dawowa. Don haka duk dabarar da za ka yi, ka yi ta da tunanin cewa in an zo gaba da gaba za ka miƙa ne. Ɗan'uwa ka miƙa. Kar a garin neman gira a rasa ido, inshora na biyan mota amma ba ta dawo wa 'ya'ya da uba.

To me masu motocin ke yi? Abu mafi araha shi ne 'yar jakar makulli mai rufin ƙarfe a ciki, ana ce mata jakar Faraday, tana toshe sigina ba shiga ba fita, har birnin Brampton a Kanada ya raba wa mazauna wasu unguwanni ita kyauta a 2023. Ko gwangwani mai murfi da ke rufuwa ruf yana iya yi. Amma a gwada: saka makullin ciki, je jikin motar, ja hannun ƙofa, in ta buɗe jakar ta tashi aiki, kuma suna lalacewa da daɗewa don haka gwajin ba na rana ɗaya ba ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a saka makulli ɗaya a jaka a manta da na biyun yana cikin durowa kusa da taga. Wasu sababbin makullan suna yin barci da kansu in sun ɗan jima ba a motsa su ba, Ford ta fara haka a Turai a 2019, wasu motocin kuma za ka iya kashe tsarin gaba ɗaya ka koma danna rimot kamar da.

Sannan abin da zai ba ka mamaki, ƙarfen sitiyari na zamanin iyayenmu ya dawo da ƙarfinsa. Mutum ya sayi motar fam dubu 80 ya ɗaura mata ƙaton faifan ƙarfe rawaya irin Disklok da ke rufe sitiyarin baki ɗaya, ba kyan gani, ga nauyi, ga wahalar cirewa kullum da safe, amma yana aiki, saboda ɓarawon kwamfuta ya zo ne da shirin minti ɗaya cikin shiru, bai zo da shirin yankan ƙarfe da injin da zai tashi unguwa yana feshin tartsatsi ba. Wannan shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya a wurina. Ba wata mota da ba za a iya sacewa ba, in sun matsa ma da motar ja za su zo su ɗauke ta. Abin da kake saye da duk waɗannan kaya lokaci ne da hayaniya, ka mai da aikin minti ɗaya ya koma na minti 15, shi kuma ɓarawo ɗan kasuwa ne, yana lissafi, in ya ga taka za ta ci masa lokaci sai ya nemi mai sauƙi. Shi ya sa masu hali ke kafa turakun ƙarfe masu shigewa ƙasa a bakin inda suke fakin, wasu su tare motar gudun da tsohuwar motar cefane, wasu su kulle soket ɗin OBD da murfin ƙarfe ko a canza masa wuri, mai gareji kuwa ya daina cika shi da tarkace ya saka motar ciki, don abin da ido bai gani ba ba a yi masa shiri.

Abin da masu motocin gudu suka fi yabo a yanzu shi ne ƙarin makulli na sirri, irin Ghost da ake sakawa a Ingila. Ba rimot ba ne, ba ya fitar da sigina, ana ɓoye shi cikin wayoyin mota, kai kuma ka zaɓi jerin maɓallan da za ka danna, a ce na ƙara sauti sau biyu, na gilas sau ɗaya, na sitiyari sau uku, in ba a danna su a jere ba motar ba za ta tafi ba ko da makullin gaskiya ne a hannun mutum. Tesla tana da irin wannan tun 2018, sai ka saka lambobi huɗu a allo kafin ta motsa. Dodge ma da kuka ya yi yawa a 2021 ta fito da gyaran manhaja wanda in ba a saka lambobi huɗu ba injin ba zai wuce juyi 675 a minti ba, wato motar da ke da doki 707 ta koma ba ta kai doki 3 ba, sai dai ta yi rarrafe. Jaguar Land Rover kuwa, bayan da inshorar Range Rover a Landan ta zama abin da wasu ke nema su rasa, sai da ta ware fam miliyan 10 a 2023 don sabunta tsaron motocin da ta riga ta sayar, ta kuma buɗe tata inshorar. A nan ina ganin laifin kamfanoni ƙarara: an san raunin nan shekara da shekaru, masu bincike sun yi ta faɗa, amma ba a motsa da gaske ba sai da abin ya fara taɓa ciniki. In kamfanin motarka ya kira ka don sabunta manhaja, kar ka ce sai ka samu lokaci.

Tiraka fa, wato na'urar da ke nuna inda mota take? Tana da amfani, amma a san iyakarta: ba ta hana sata, tana taimakawa ne bayan an yi. Ɓarayi na da na'urar toshe siginar GPS da ake jonawa a wurin kunna sigari, kuma sun san wuraren da aka saba ɓoye tiraka. Wata dabararsu ita ce su ajiye motar a wani layi shiru kwana biyu ko uku su ga ko wani zai zo, in ba wanda ya zo sun san tsaf take. Wannan taƙin shi ne damar mai mota, shi ya sa masu wayo ke saka biyu, ɗaya inda za a gano a cire a saki jiki, ɗaya can cikin lungu, kuma ana fifita irin wadda ke da ma'aikata masu sa ido dare da rana da ke magana da 'yan sanda kai tsaye. AirTag na Apple, ɗan ƙaramin abin bin sawun kaya ta waya, yana da araha amma an yi shi ne ya sanar da duk wanda yake tare da shi in ba mai shi ba ne, to zai iya sanar da ɓarawon. Akwai wani mutumin Toronto da gidan talabijin na CBC ya ba da labarinsa a 2024, yana kallon motarsa GMC Yukon a waya ta AirTag, daga filin jirgin ƙasa zuwa tashar ruwa ta Montreal har ta dira Dubai, ya sanar da hukuma tun tana kusa amma ba a buɗe kwantenar ba. Sanin inda take daban, dawo da ita daban. Kuma ko ka ga inda take kar ka je da kanka. Su ma ɓarayin suna amfani da AirTag ɗin, 'yan sandan yankin York a Kanada sun yi gargaɗi a 2021 cewa ana maƙala shi a jikin manyan motoci a wurin fakin na kantuna don a bi mutum har gida.

Wannan ya kawo ni kan abin da masu motar gudu ba sa son ji. Rabin daɗin motar a nuna ta ne, na sani, amma hoton da ka ɗora a Instagram da lambar mota a fili, ga ƙofar gidanka a baya, ga sunan unguwa, ka gama yi wa ɓarawo rabin aiki. In ka tashi sayarwa ma a kula, ana zuwa da sunan gwaji a gudu da ita, kar ka miƙa makulli kana waje, kuma kar ka kira baƙo gida. Inshora kuwa a karanta takardar da kyau, a Ingila da yawa ba sa karɓar irin waɗannan motoci sai da tiraka mai shaidar Thatcham, cibiyar da ke gwada kayan tsaron mota, a lardin Ontario na Kanada wasu na ƙara dala 500 in ba ka saka abin da suka ce ba, kuma in ka ƙara wa inji ƙarfi ko ka canza ƙafafu ba ka faɗa musu ba, ranar da aka sace za su iya cewa ba motar da suka yi wa inshora ba kenan.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, matsalar Turawa ce. Da ruwanmu dumu-dumu, kuma ba don 'yan'uwanmu da ke zaune can kaɗai ba. A 2022 an sace motoci sama da 105,000 a Kanada, kusan ɗaya duk minti biyar, kamfanonin inshora sun biya dala biliyan 1.5 na Kanada a 2023, har motar gwamnati ta ministan shari'a sai da aka sace sau uku cikin shekara uku, gwamnati ta kira taron ƙasa a Ottawa a Fabrairun 2024. Ina motocin ke zuwa? Da yawa ana cusa su a kwantena, a bi da su tashar Montreal, inda wani samame na 'yan watanni ya gano 598, waɗanda suka tsallake kuma su nufi Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Yamma. 'Yan jaridar Kanada sun je Accra sun tarar da motocin da aka sace a Ontario a wurin masu sayarwa. A Najeriya, a 2024 EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53, hukumar kwastam ma ta mayar da 21 a ƙarshen shekarar, cikinsu har da Lamborghini da Rolls-Royce. Kuma tunda Kanada ta haɗa bayanan motocinta na sata da rumbun Interpol a farkon 2024, cikin 'yan watanni aka gano sama da 1,500 a ƙasashe daban-daban.

Ma'ana, Alhajin da ya ga Lexus ko Range Rover ko AMG 'yar shekara ɗaya ana ba shi a farashin da ya yi ƙasa da na can inda aka ƙera ta, tun kafin a saka kuɗin jirgi da na kwastam, ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa ta yaya. Yawancin dillalanmu mutanen kirki ne, wani ma shi kansa bai san tarihin motar da ke hannunsa ba don hannu uku ta bi kafin ta iso shi, amma ranar da aka zo ɗauka daga hannun wanda aka same ta za a ɗauka, kuɗinsa sun tafi, ga zaryar ofishin hukuma. Kowace mota tana da lambar shasi, wato VIN, haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana jikin ginshiƙin ƙofa, tana kuma cikin kwamfutar motar. A duba duka ukun su zo ɗaya da na takarda, domin ɓarayi na liƙa lambar wata motar halal a gilas amma sau da yawa ta cikin kwamfuta na nan yadda take, mai gyara zai karanto maka ita ta soket ɗin OBD cikin minti biyu. Daga nan a saka lambar a shafin VINCheck na ƙungiyar NICB mai yaƙi da satar mota da zambar inshora a Amurka, kyauta ne, 'yan sandan Kanada ma suna da shafin duba motar sata kyauta, a kuma biya a ciro rahoton tarihin mota na kamfanin Carfax a ga ko launi da samfuri da tafiyar da ta yi sun dace da abin da ke gabanka. In aka ce maka makulli ɗaya ne tak kuma ba na kamfani ba, ko ka ga alamar an taɓa wayoyin bayan fitilar gaba, ko mai sayarwa ya fara ɓata rai don ka ce za ka ɗauki hoton lambar shasi, ka riƙe kuɗinka ka ce masa sai ka yi shawara.